Wane furosesa da ƙaramin madabod ya dace da kwamfutar cikin mota a Damagaram?

Wa alaikumus salam ƙanena. Bari in maimaita tambayarka a taƙaice don mai karatu ya san inda aka dosa. Ka ce kana da Hilux da kake zirga-zirga da ita tsakanin Zinder, Tanut da Agadas wajen aikin haƙar foraj, kuma kana son ka dasa mata kwamfuta ta zauna a ciki dindindin. Kana son ta nuna maka taswira ko da babu rezo, ta ajiye hoton kyamara biyu, gaba da baya, ka riƙa buɗe takardun aiki a kanta, wani lokaci kuma ka jona ta da injin motar ka ga abin da ke damunsa. Wani ya kawo maka furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, samfurin Core i7 na kwamfutar tebur daga Kano da araha, shi ne kake tambayar wane ƙaramin madabod, wato allon da furosesa da sauran sassan kwamfuta ke zama a kai, zai ɗauke shi.

Kada ka sayi wannan i7 ɗin domin mota. Ko kyauta aka ba ka, ka kai shi ofis, can ne gidansa. Ba wai ba shi da kyau ba ne. Abin da ya sa na faɗi haka shi ne, a ƙasar nan ba kai ke zaɓar furosesar mota ba: wutar batir, zafin bazara da ƙurar hanya su ne ke zaɓa maka, kai kuma ka ɗauki mafi ƙarfi daga cikin abin da suka bari. Don haka daga wutar zan fara, duk da ba ita ka tambaya ba, domin a nan gizo ke saƙar.

Kowa yana cewa batirin mota bolt 12 ne, amma wannan suna ne kawai. Cikakken batir, mota a kashe, yana nuna kusan 12.6. In inji na aiki altaneta yana caji, wutar kan tsaya tsakanin 13.8 da 14.4. Lokacin da ka murɗa makulli sitata ta ja, takan faɗi zuwa 9 ko 10, in kuma batirin ya gaji kuma injin dizal ne da asubar hunturu, takan yi ƙasa da haka sosai. To ita kwamfutar tebur, ƙa'idar ATX da aka gina ta a kai ta yarda layin bolt 12 ya yi sama ko ƙasa da kashi 5 cikin ɗari ne kacal, wato daga 11.4 zuwa 12.6. Ka ga ke nan ko lafiyayyar mota tana tafiya lami lafiya, wutarta ta riga ta wuce abin da madabod ɗin tebur ya saba da shi.

Akwai kuma abin da ya fi wannan muni, wanda a hanyoyinmu ba baƙo ba ne. In kan batir ya yi kwance, gargada ta girgiza shi ya saki na ɗan lokaci alhali altaneta na tsaka da caji, wutar da ta rasa wurin zuwa takan yi tsalle ta bi duk wayar da ta samu. Ƙa'idar ISO 16750-2, wadda masu ƙera kayan lantarkin mota ke gwaji da ita, tana kwaikwayon wannan tsalle da bolt 79 zuwa 101 a motar bolt 12, na tsawon da bai kai rabin daƙiƙa ba. Altanetocin zamani suna danne shi zuwa wajen 35. Ko 35 ɗin ma ya ishi madabod ɗin da ba shi da kariya ya ƙone nan take. Duk wanda ya taɓa bin hanyar da ta wuce Tanut ya san yadda noti ke kwance kansa.

Hanyar da mutane suka fi bi ita ce su sayi inbata, ta mai da wutar batir bolt 220, sannan su jona cajar kwamfuta ta sake mai da ita ƙasa. Ban yarda da wannan hanya ba ga abin da zai zauna a mota kullum. Ana asarar wuta a hawa, ana asara a sauka, duk asarar nan kuma zafi ce take zama a cikin motar. Inbata mai araha tana sa ƙugi a lasifika, kuma da yawansu suna ɗaukewa da zarar ka murɗa makulli, sai kwamfutar ta mutu a tsaye ba tare da ta rufe fayilolinta ba. Yau ka yi mata haka, gobe ka yi, jibi Windows ta ƙi tashi.

Hanya ta biyu ita ce na'urar wuta da aka ƙera domin mota. Waɗanda aka fi sani su ne na kamfanin Mini-Box: M3-ATX tana karɓar bolt 6 zuwa 24 ta ba da wat 125, M4-ATX kuma tana karɓar 6 zuwa 30 ta ba da wat 250. Abin da nake so da su ya wuce daidaita wuta. Suna da waya ta uku da ake jonawa da kontak. In ka kunna mota, na'urar ta ɗan jira sannan ta danna wa madabod maɓallin kunnawa da kanta. In ka kashe mota, ta sake dannawa, kwamfutar ta rufe kanta cikin mutunci, bayan wani lokaci kuma ta yanke wutar gaba ɗaya. In batir ya yi ƙasa zuwa wajen bolt 11 ta yanke don a bar maka abin tayar da mota. Sai dai ka kula, akwai ƙanwarsu mai suna picoPSU, ƴar ƙarama mai kyawun gani da ake sokawa kai tsaye a madabod. Ta gama-garinta ba ta daidaita bolt 12, abin da ya shigo shi take miƙawa. A gida da caja mai kyau ba laifi, a mota kuwa tamkar ka jona allon da batir ne kai tsaye.

Hanya ta uku, wadda ni na fi so, ita ce ka nemi madabod irin na masana'antu wanda shi da kansa yake karɓar wuta mai faɗi, galibi bolt 9 zuwa 36, wasu ma da wurin wayar kontak a jikinsu. Irin wannan zai yi aiki a Hilux, zai kuma yi a babbar motar da ke ɗauke da injin haƙarku, mai bolt 24 wadda cajinta ke kaiwa wajen 28. Wannan batu ne da ya shafe ka, tunda aikinku ba ya rasa manyan motoci, kuma M3-ATX ba ta shiga can.

Yanzu mu yi lissafin i7 ɗin. Furosesar tebur na wannan aji galibi wat 65 ne, masu harafin K kuma wajen 90 ko fiye. In ka haɗa da allo da sauran kaya, lokacin aiki za ka ga wat 100 ba wuya. A bolt 12 wannan ya haura amfiya 8, in ta inbata ce ya doshi 10. Batirin amfiya-awa 70 ba a son a sha fiye da rabinsa in ana son ya tayar da inji. Ke nan awa uku zuwa huɗu kana zaune a wurin haƙa mota a kashe, ka gama da batirinka. Kwamfutar da ke cin wat 12 kuwa amfiya ɗaya take ja, ka wuni da ita batir bai ji komai ba. A cikin gari batir ya mutu, tura mota ne da ƴan dariya. A dajin da ke tsakanin Aderbisinat da Agadas, inda za ka yi awanni ba ka ga wata mota ba, magana ce ta rai, kuma ba na son a ce abin da na ba ka shawarar sawa ne ya jawo.

Sannan duk wat ɗin da ya shiga kwamfuta zafi yake zama, ba ya zuwa ko'ina. Ka tuna ƙwan fitila irin na da mai wat 60, wanda ba ya taɓuwa in ya yi minti biyar a kunne. Ka ɗauke shi ka rufe a kwalin takalmi, ka tura ƙarƙashin kujerar mota a watan Afrilu, lokacin da inuwar Zinder kanta ta haura digiri 40. Abin da kake shirin yi da i7 ke nan. Motar da aka ajiye a rana gilashi a rufe, iskar cikinta tana wuce digiri 60, saman tablo kuma ya fi haka. Fanka ba ta ƙirƙirar sanyi, iskar da ke kusa take hurawa, in iskar kanta wuta ce to wuta za ta hura.

Mutane suna kallon zafin furosesa kawai, su ce ai Intel ta ce yana jure digiri 100 da ɗoriya. Gaskiya ne, kuma in ya ji zafi yana rage gudu ya kare kansa. Amma ba shi ke fara mutuwa ba. Kafasita masu ruwa a ciki, ƴan gwangwanayen nan da ke tsaye a kan allo suna daidaita wuta, su ne ke fara kumbura, kuma ƙa'idar da duk mai gyara ya sani ita ce, kowane ƙarin digiri 10 yana raba tsawon ransu biyu. SSD na kasuwa, wato ma'ajiyar fayiloli da babu abin da ke juyawa a cikinta, iyakarsa digiri 70. Ƙaramin batirin CR2032 da ke riƙe agogo shi ma zafi yana cinye shi da wuri, in ya mutu kuma saitin da ka yi wa allon ya goge.

Na ga wannan da idona, kuma aikin hannuna ne. Shekarun baya na haɗa wa wani bawan Allah mai zuwa Gure da Tesker kwamfuta a motarsa: furosesar tebur, fanka biyu, hadis, wato ma'ajiyar fayiloli mai juyawa, da inbata a bayan kujera. A shago ta yi aiki kamar ba gobe. Bayan wata biyu ya dawo da ita a buhu. Da na kwance murfin, ƙura ta cika tsakanin haƙoran ƙarfen sanyaya ta daskare kamar an yaɓa laka, sai da na sa tsinke nake ɓanɓarowa. Fanka ɗaya ta ƙame, in ka juya ta da yatsa kana jin yashi na ƙara a cikinta. Kafasita uku da ke gefen furosesa sun kumbura kai, ɗaya ta tsiyayar da wani abu ruwan ƙasa. Hadis ɗin kuwa da na ba shi wuta sai ƙas, ƙas, ƙas, ya yi shiru. Hotunan aikinsa na wata biyu suna ciki, ba mu samu ko ɗaya ba. Mutumin bai yi mini faɗa ba, ya ce Allah ya ƙaddara, kuma wannan ya fi faɗan ciwo a wurina. Tun daga ranar ban sake sa abin da ke juyawa a kwamfutar mota ba, fanka ce ko hadis.

To wane furosesa? Ga aikin da ka lissafa, Intel N100 nake ba ka shawara. Ya fito a farkon 2023, yana da ƙwaya huɗu, gudunsa yana kaiwa gigahaz 3.4, kuma Intel ta rubuta masa wat 6. Kada wannan 6 ɗin ya ruɗe ka: masu ƙera alluna sukan sake masa mara ya sha 15 har 25 in aiki ya yi nauyi, kuma kwamfutar gaba ɗaya takan ci wat 6 zuwa 10 in tana zaune, 20 zuwa 30 in an matsa mata. Alluna da yawa suna barin ka rage wannan iyaka a cikin BIOS, wato shafin saitin allon kansa, kuma ni nakan rage ta, domin gara ta ɗan yi nawa a buɗe babban fayil da ta dafa kanta. Yana ɗaukar Windows 11, abin da ya zama dole a duba tunda Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025. Yana da sashe na musamman a cikinsa mai warware bidiyo irin H.264 da H.265 ba tare da ya wahalar da ƙwayoyin ba. Ram ɗinsa, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki a cikinta, layi ɗaya ne, Intel ta ce iyakarsa gigabait 16, kuma ya ishe ka har da saura.

Yana da ƴan'uwa. N150 ƙaninsa ne da ya fito a 2025, bambancinsu kaɗan ne, wanda ka samu ka ɗauka. N97 wat 12 ne, shi aka fi gani a allunan masana'antu. Core i3-N305 ƙwaya takwas ne da wat 15, wannan sai in za ka riƙa buɗe manyan taswirori a manhajar QGIS kana aiki a kansu cikin motar. A gwanjo za ka ci karo da Celeron J4125 na 2019, wat 10, ya fi N100 nawa amma zai ɗauki taswira da takardu, kuma Windows 11 ta yarda da shi. J1900 kuwa na 2013 ne, ya cika kasuwa saboda araha, Windows 11 ba ta karɓarsa, ka bar shi sai in Linux za ka sa. In har wata rana aikinka ya fi ƙarfin waɗannan, matakin gaba shi ne furosesar laftof mai harafin U a ƙarshe, masu wat 15, ko AMD Ryzen Embedded irin V1605B, ba na tebur ba.

Wani alherin waɗannan duka shi ne a manne suke da allon, an yi musu dalma tun daga masana'anta. Wasu suna ganin wannan aibi ne don ba a iya canzawa. A mota falala ce. Furosesar tebur yana zaune ne a soket, a kansa kuma an ɗora ƙarfen sanyaya mai nauyi da tsayi. Duk ramin da mota ta faɗa, wannan ƙarfe yana lanƙwasa allon kamar mai jijjiga haƙori, har wata rana wani siririn layi ya tsage a inda ido ba ya gani, kwamfuta ta riƙa ɗaukewa ba dalili.

Maganar kyamara, bari in faɗa maka gaskiya ko da za ta rage wa kwamfutar aiki. In don shaidar haɗari kake son hoton, ka sayi kyamarar mota mai zaman kanta, irin mai kafasita maimakon batirin litiyam, domin litiyam yana kumbura a gilashin gaba. Ita tana fara ɗauka cikin daƙiƙu kaɗan da kunna mota, kwamfuta kuwa sai ta gama tashi. In kuma dole sai ta kwamfutar, ka nemi kyamarorin da ake jonawa da wayar netwok, waɗanda ke matse bidiyonsu da kansu, kwamfutar rubutawa kawai take yi. Kyamarar USB ita ce ke ɗora wa furosesa nauyin matsewa.

Sai girman allon. Mini-ITX santimita 17 ne kowane gefe, kamfanin VIA ya fito da shi a 2001, kuma shi ne mafi sauƙin samun akwati da kayan haɗi. Akwai siririnsa da ake kira Thin Mini-ITX mai wurin wuta a jiki. Ƙasa da shi akwai allon masana'antu da ake kira na inci 3.5, milimita 146 da 102, sai Nano-ITX mai santimita 12, sai Pico-ITX mai 10 da 7.2. Kada ka bi ƙanƙanta don burgewa. Hilux ba ta rasa wurin santimita 17, kuma duk yadda allo ya ƙanƙance haka zafinsa ke taruwa wuri ɗaya, haka kuma wayoyinsa ke zama na musamman waɗanda in ɗaya ta lalace ba za ka same ta a Kasuwar Dole ba, ko a Kano ma sai an yi oda.

A cikin na kasuwa masu N100 akwai biyu da aka sani, duka Mini-ITX marasa fanka. ASRock N100DC-ITX yana shan bolt 19 irin na cajar laftof, don haka sai ka sa masa na'urar da ke ɗaga wutar mota ta tsayar da ita a 19, kamar DCDC-USB ta Mini-Box. ASUS Prime N100I-D D4 kuma yana da bakin ATX, shi zai zauna da M3-ATX kai tsaye, kuma ram ɗin laftof yake ɗauka. In tsakanin su biyun ne, na ASUS zan ɗauka domin mota, saboda haɗin wutar ya fi sauƙi. Amma ka sani an yi su ne domin ɗaki, ƙarfen sanyayarsu yana jiran iska ta ratsa akwatin. In ka rufe su ruf saboda ƙura sai zafi ya taru, in ka buɗe ƙura ta shiga. Mafitar ita ce akwatin alminiyam mai haƙora a waje, wanda furosesa ke manne da jikinsa ta ciki, akwatin kansa ya zama ƙarfen sanyaya. Allunan inci 3.5 na kamfanoni irin su Advantech, AAEON da Axiomtek haka aka tsara da yawansu, furosesa a bayan allo don ya jingina da ƙarfe. Sun fi tsada nesa ba kusa ba, amma takardarsu tana faɗin zafin da suke jurewa, wasu daga ƙasa da sifili har digiri 60 ko 70, alhali ƙananan kwamfutocin ofis da yawa iyakarsu 35 ko 40. Wannan layi na takarda shi ne farkon abin da nake dubawa kafin in kalli sunan furosesa. In mai sayarwa ya kasa nuna maka shi, ka ɗauka na ɗaki ne.

Sauran abin dubawa a jikin allon ba su da yawa. Bakin wutar ya kasance mai noti ko mai maƙalli, domin na sokawa irin na caja yana zarewa a gargada. Ma'ajiya ta zama SSD a ramin M.2 da noti ya danne. In akwai ramin M.2 na biyu mai wurin layin waya, za ka iya sa modem a ciki ka sa layin Airtel, Moov ko Zamani, ka fitar da eriya waje, ya fi ka riƙa rataya waya a gilashi. USB huɗu aƙalla, domin na'urar GPS za ta ci ɗaya, taɓa allon kallo ɗaya, wayar inji ɗaya. GPS mai ƙwayar u-blox ka nema, ba ya buƙatar rezo, taswirar OpenStreetMap kuma ka sauke ta tun a gari. A BIOS ka tabbata akwai saitin da ke sa kwamfuta ta tashi da kanta da zarar wuta ta shigo. Wayar HDMI ba ta da maƙalli, ka ɗaure ta da igiyar roba a jikin akwatin. Kada ka yi amfani da gam ɗin kyandir, a bazara narkewa yake yi.

Za ka ga ƙananan kwamfutocin N100 haɗaɗɗu, da kuma na gwanjo irin ThinkCentre Tiny na Lenovo masu furosesar wat 35. Suna da araha, kuma galibinsu suna da ƴar fanka. In kilim ɗin motarka yana aiki, kana kuma cire kwamfutar ka shiga da ita ɗaki in ka isa, kana hure ta duk mako, za ta yi maka shekara ɗaya ko biyu. Kai kuwa cewa ka yi dindindin.

Raspberry Pi fa, ƴar kwamfutar nan mai girman tafin hannu? Ina son sa, cinsa kaɗan ne, na biyar ɗinsa da ya fito a 2023 yana da ƙarfi daidai gwargwado. Abin da ya hana ni ba ka shi shi ne maganar inji. Manhajar Toyota ta binciken mota, Techstream, a Windows take aiki, Pi kuma ba irin furosesar da take so ba ne. Amma kafin ka kashe ko dala a kan wannan, ka leƙa ƙarƙashin sitiyari ka ga ko akwai bakin nan mai rami 16 da ake jona wayar binciken inji. In Hilux ɗinka mai injin D-4D ce, irin 2KD, 1KD ko 2GD, akwai ƙwaƙwalwar da za a yi magana da ita. In tsohon injin 3L ne ko 5L mai famfon gargajiya, babu abin karantawa, kunnen makanike ne na'urarsa. In haka ne, kuma takardunka ba su da nauyi, to rediyon mota mai Android wanda ke shiga ramin tablo, da manhajar taswira ta OsmAnd a kansa, zai biya maka rabin buƙata da kuɗin da bai kai na allon masana'antu ba, kuma ba zan ji kunyar faɗa maka haka ba.

Allon kallo yana iya cin kuɗi fiye da kwamfutar. Da nit ake auna hasken allon kallo: na laftof 250 zuwa 300 ne, da rana tsaka a hanyar Agadas baƙi ƙirin za ka gani. Ka nemi mai 800 zuwa 1000. Kuma don Allah kada ka kunna bidiyo a gaban direba mota na tafiya.

Inda za ka ajiye ta: ba kan tablo ba, ba cikin akwatin tablo ba. Bayan kujerar baya ya fi, ko ƙarƙashin kujerar fasinja, amma ka ɗaga ta daga daɓen motar da ɗan yatsa biyu ko uku. Ka fara tafiya ta awa ɗaya, ka tsaya ka shafa daɓen da tafin hannu, gefen da salansa ta bi za ka ji shi da zafi, ka kauce masa. Ɗagawar tana kuma taimako da damina, lokacin da za ka ratsa kori ruwa ya shigo ta ƙofa. Haƙoran akwatin su kalli sama, kada a jibga musu darduma ko buhun kaya, kuma ka gaya wa yaran motarka dalili, domin su ne za su jibga. Wutar ka jawo ta daga batir kai tsaye da waya mai kauri, milimita 2.5 ta isa, ka sa fiyus kusa da kan batir, tazarar da ba ta wuce taƙi ɗaya ba. Ga kwamfutar wat 30, fiyus na amfiya 5 ya yi. Kada ka bi ta wurin kunna sigari. Wayar ƙasa ta kwamfuta da ta rediyo su haɗu a noti ɗaya a jikin motar, in ba haka ba za ka riƙa jin kukan altaneta a lasifika yana hawa da sauka da totur.

Saboda haka, in kuɗinka sun kai, allon inci 3.5 mai N97 ko N100, mai karɓar bolt 9 zuwa 36 da wayar kontak, cikin akwatinsa na alminiyam, da ram gigabait 8 ko 16 da SSD. In ba su kai ba, Mini-ITX mai N100 da M3-ATX, ka rage masa iyakar wuta a BIOS, ka nema masa akwati mafi ƙarfe da za ka samu.

Ko wanne ka haɗa, kada ka ɗaure shi a mota ka kama hanya. Ka fara ajiye shi a wurin da zai zauna, ba noti, ka bar motar a rana daga hantsi zuwa azahar, sannan ka kunna shi ka sa masa bidiyo da taswira tare na awa ɗaya kana kallon zafinsa da manhajar HWiNFO. In furosesa ya tsaya ƙasa da 85, SSD ƙasa da 65, ka samu. Bayan nan, yana kunne, ka kashe inji ka tayar sau goma a jere, fitilu da kilim a kunne, ka ga ko zai ɗauke ko sau ɗaya. In ya ɗauke, laifin na'urar wuta ne ko siririyar waya, ba na allon ba. Ka turo mini shekarar motar, sunan injin da ke jikin murfinsa, da abin da mita ta nuna a kan batir lokacin da sitata ke ja, sai in faɗa maka wace na'urar wuta za ka yi oda.